Iskar Taga Ce Ta Buge Ta

Mu mutanen Romaniya ba ma tsoron yunwa, mun saba da ita. 'Yan sanda ma muna tsoronsu ne daidai gwargwado. Abin da ke sa mu kyarma shi ne a buɗe ƙofa a buɗe taga lokaci guda, iska ta ratsa ɗaki. Ita ke kawo ciwon haƙori, ita ke karkatar da baki, ita ke kwantar da ƙato. Ka tambayi kowace tsohuwa abin da ya kashe mijinta, ko babbar mota ce ta take shi, za ta ce ai tun da safe iskar taga ta toshe masa kunne, shi ya sa bai ji hon ba.

Saveta kuwa, a ƙauyensu na bakin kogin Olt, ita ce babbar malama a wannan fanni. Ba ta taɓa zama a aji ba, amma a kan iskar taga ko likita sai ta zaunar da shi. Saboda haka da saƙon surukinta Dinu ya iso, cikin Nuwamban tamanin da tara, cewa iska ta buge Mirela, ta zo ta kama musu yara, ko kaɗan ba ta tsorata ba. Har wani ɗan daɗi ta ji, an taɓo inda ta fi gwaninta. Ta ƙulle garin masara da cuku da kwalbar ruwan kal, ta hau jirgin ƙasa na safe.

Mirela ita ce 'yarta tilo, ma'aikaciya a masaƙa, uwar yara uku. Can saman wani benen gwamnati suke, ɗaki biyu, ita da mijin da yaran da uwar mijin, Aglaia. Aglaia 'yar birni ce, ta yi shekaru tana goge daɓen asibiti, amma in tana magana ka ce ita ta yi wa rabin garin tiyata. Ita ta buɗe ƙofa.

"Kuskra, kin iso? Shigo maza ki rufe, kada ki ƙaro mana wata."

Kuskra muke ce wa juna, uwar miji da uwar mata. Suna ɗaya, zuciya kowa da tata.

"Garin yaya?" in ji Saveta.

"'Yarki mana. Ta wanke kai, ta fita layin madara da gashi a jiƙe, ta dawo a bas taga a buɗe. Me kike so ya faru?"

Saveta ta dafe ƙirji. Gashi a jiƙe! Ta faɗa ɗaki ta tarar da Mirela a kwance, fuska kamar kyandir, leɓe a bushe. Kafin gaisuwa faɗa ya fara.

"Ke yanzu da 'ya'yanki uku sai an koya miki ɗaura ɗankwali? Ni na haife ki ko akuya?"

Mirela ta buɗe baki, sai ta dubi bakin ƙofa inda Aglaia take tsaye da hannu a ƙugu.

"Ki yi haƙuri, Mama. Iska ce."

Saveta ta naɗe hannun riga. Ta jiƙa safa da ruwan kal ta sa mata a ƙafa, ta yanka ɗanyen dankali fale-fale ta jera mata a goshi ta ɗaure da ƙyalle. Ta bi tagogin gidan ɗaya bayan ɗaya tana cusa auduga a kowace kafa, ta dama ƙullun fulawa ta liƙe su da tsohuwar jarida, har ba inda ko sauro zai bi. Fulawar ma ta rabon wata ce, amma Aglaia da kanta ta miƙo mata.

"Hannunki hannu ne, kuskra," in ji ta. "Ku mutanen ƙauye kun fi mu sanin waɗannan abubuwa."

Tun ranar bikin Mirela matar nan ba ta taɓa yaba mata komai ba. Saveta ta kumbura kamar talotalo.

Kwanakin da suka biyo baya abin mamaki ya ƙaru. Aglaia, wadda ba ta taɓa ɗauraye wa surukarta ko cokali ba, ita ke canza mata kaya, ita ke cire zanin gado, ta shige banɗaki da shi ta murɗa makulli ta yi ta wanki. Duk lokacin da za a yi wannan, sai ta ce, "Kuskra, je ki raka yara makaranta," ko "Kuskra, an ce an kawo ƙafafun kaji, je ki kama mana layi." Saveta tana tsaye a layi cikin sanyi tana zagin kanta, wai ashe shekara da shekaru tana ɗaukar alhakin baiwar Allah. Ta dawo ta ɗauko cukun da ta ɓoye wa 'yarta, ta ba Aglaia.

Zazzaɓi dai bai san da wannan zumunci ba. Dankalin yana baƙi a goshin Mirela kafin a gama yanka wani. Haƙoranta suna kaɗawa har gadon yana motsi. Ta daina karɓar tuwon masara, ta daina karɓar shayi. Cikinta ya yi tauri kamar allo, in an taɓa sai ta ƙwalla ƙara. Malama Saveta ta duba ta yanke hukunci: iskar ta sauko ciki. Ta soya gishiri ta zuba a safa ta ɗora mata da zafinsa.

Da yamma Dinu ya dawo daga ma'aikata, ya leƙa daga bakin ƙofa bai shiga ba. Saveta ta ce masa, "Ɗana, ni fa ban taɓa ganin iskar da ta ƙi jin dankali haka ba. Ko mu gwada asibiti?"

"Asibiti, Mama? Kin ga asibitin kuwa? Ba wuta, ba ɗumi, rabin tagogin a fashe. Can ne ma iskar za ta ƙarasa ta."

Tagogi a fashe! Saveta ta yi alamar gicciye, ta gode masa da ya tuna mata.

Ƙafafun kaji ne suka tona asiri. Wata safiya sun ƙare tun layi bai yi nisa ba, Saveta ta dawo da wuri. Aglaia ta sauka aron sabulu wajen maƙwabciya, ta manta banɗaki a buɗe. Saveta ta shiga wanke hannu, ta ga abin da ke jiƙe a baho. Ba ta iya karatu ba, amma ta karɓi haihuwar shanu da ta mata, ta kuma san warin abin da ya mutu a ciki bai fito duka ba. Warin nan kwana da kwanaki yana cikin gidan. Ruwan kal ɗinta ne ya danne shi.

Ta shiga ɗaki, ta zauna bakin gado, ta kwance ƙyallen dankalin a hankali.

"Wata nawa?"

Mirela ta rufe ido. "Uku."

"Wa ya yi?"

"Ita. Da bututun roba irin na asibiti. A kan teburin kicin, Mama, inda kike yanka dankalin."

"Dole suka yi miki?"

"Ni ma na yarda. Da me zan ciyar da na huɗu? Amma sun yi mini alkawari. Dinu ya rantse da 'ya'yansa, in abin ya ɓaci za su kai ni asibiti a ranar, ko me zai faru."

A zamanin Saveta, kafin shekarar sittin da shida, mace takan shiga asibiti da safe a cire mata ciki ta fito da azahar, washegari tana gona. Ita kanta ta je, rabin matan ƙauyensu sun je. Sai aka wayi gari gwamnati tana son 'ya'ya. Aka ce an hana zubar da ciki, sai dai ga mai 'ya'ya huɗu. Can aka ga huɗu sun yi kaɗan, aka ce biyar. Aka ce ko wadda ta kai shekara arba'in da biyar, aka rage zuwa arba'in, aka sake mayarwa. Gwamnatin da ta kasa kawo madara ita ke aiko likita har masaƙa ya duba wace ce ta ɗauki ciki, kamar yadda ake duba garke. Wadda kuma aka kai asibiti tana zubar da jini, sai an kira hukuma ta ji wanda ya taɓa ta. Saveta ta san duk wannan, kowa ya sani. Kawai dai a kanta irin wannan abu 'ya'yan wasu yake samu. Tata 'yar gashi ta bari a jiƙe.

Aglaia ta shigo da sabulu, ta ga fuskar Saveta, ta ajiye shi a hankali.

"To, kin sani. Sai ki rage murya, bangon nan takarda ne."

"Yau za a kai ta."

"A kai ta, a kai ni kurkuku ke nan. Da tsufana. Taimako na yi, kuskra. Na yi wa mata sun fi yatsun hannuna, ba wadda ta ko yi tari. Jikin 'yarki ne ba ƙwari, kin raine ta da ruwan masara."

"Yau za a kai ta."

"In an ɗaure ni wa zai riƙe yaran? Ke? Ki kai su ƙauye su yi kiwon agwagi?"

Da Dinu ya dawo cin abincin rana, ya ja kujera ya zauna ya yi mata bayani a tsanake, irin yadda ake yi wa wawa. Ya ce ita ma Mirela doka ba za ta ƙyale ta ba, in ta warke kotu za ta. Ya ce makon nan ake babban taron jam'iyya, gari cike yake da 'yan sanda, kowa neman wanda zai kama yake. Ya ce bayan taron za a ba shi shugabancin sashe, da shi kuma gida mai ɗaki uku, kuma don wa yake wannan wahala in ba don Mirela ba? Ya ce akwai likitan da suka sani, zai karɓi aiki ranar Litinin, shi ba ya kiran hukuma.

"Yau Alhamis," in ji Saveta.

"To ai kin gani, Mama, saura ƙiris. Ki ci gaba da abin da kike yi, yana taimakawa. Jiya ma na ga kamar da sauƙi."

"Ka gani daga ina? Daga bakin ƙofa?"

Ya share kwanonsa da burodi, ya miƙa wa uwarsa makullin gida, ya ce ta kulle bayansa.

Aglaia ta jefa makullin cikin rigar mama ta tsaya a ƙofa. Ta manta cewa matar da ke gabanta ta saba kayar da maraƙi ita kaɗai. Saveta ta kama ta ta shimfiɗe a tsakar gida, ta zauna a kanta, ta zura hannu ta ciro makullin, Aglaia tana ihu ƙasa-ƙasa don kada maƙwabta su ji. Lif ɗin hawa da sauka bene ba wuta, kamar kullum. Saveta ta goya 'yarta kamar jaririya. Kuma don ku san irin kan da Allah ya ba ta, sai da ta tsaya ta naɗe wa Mirela kunnuwa da ɗankwali biyu, saboda matattakalar benen akwai iska.

Direban motar burodi ne ya kai su. A asibiti wani matashin likita ya ɗaga bargo, ya duba, ya mayar.

"Tun yaushe?"

"Kusan mako."

"Me kuka ba ta?"

"Dankali," in ji Saveta.

Ya yi mata wani kallo da ya fi mari. Ya ce sai ya buga wa hukuma waya tukuna, in ya taɓa ta kafin su zo shi ma ya tafi kurkuku. Suka yi ta jira a baranda, Mirela a kan gadon turawa. Tagogin asibitin lafiyarsu lau.

Da la'asar wani mutum mai doguwar kwat ya iso daga ofishin mai gabatar da ƙara. Ya sunkuya kan Mirela.

"Kwamared, ki gaya mini wanda ya yi miki, likita ya fara aikinsa. Suna ɗaya kawai."

Mirela ta buɗe ido da kyar. Tana da yara uku a gidan nan, ubansu da kakarsu su ne kaɗai rufin da ke kansu.

"Iskar taga ce, kwamared," in ji ta.

"Ƙarya ne!" Saveta ta ƙwalla. "Aglaia ce, uwar mijinta! Mijin kuma ya kulle ƙofa!"

"Ke wace ce? Kin gani da idonki?"

"Na ga zanin gado."

"To ki zo ofis bayan taro. Ku fitar mini da tsohuwar nan."

Sai gab da magariba aka shiga da ita tiyata. Ta ƙara kwana biyu ba ta san wanda ke kanta ba, ta cika ranar Asabar da hantsi. Litinin ɗin Dinu ba ta same ta ba. Shi kuwa an gan shi a barandar asibiti da ƙunshin garin kofi da kwalin sigarin ƙasar waje, yana magana da mai doguwar kwat. Saveta ta je ofis sau uku, kullum a ce mata ya fita.

Sai ga Disamba. Gari ya hargitse, aka yi harbe-harbe, gwamnati ta faɗi. Shugaban ƙasa mai dokar ma aka harbe shi, aka nuna a talabijin. Washegari aka soke dokar. Matan da jiya za a ɗaure su yau ga su a layi a ƙofar asibiti da rana tsaka, ba mai tambayarsu sunan kowa. Saveta ta tsaya ta kalli layin, ƙasar kabarin 'yarta ko kwantawa ba ta yi ba.

Ta koma ofis. Wannan karon ta same shi, da kwat ɗinsa, ya ɗaura ƙyallen tutar ƙasa a dantse irin na 'yan juyin juya hali.

"Kwamared, na zo kan maganar 'yata."

"Yanzu ba kwamared, uwa, an daina. Wace magana?" Da ta tuna masa, ya buɗe hannuwa. "Ai dokar ta tafi. Da me zan kama su?"

"Ban ce ka kama su don roba ba. Sun kulle ƙofa tana mutuwa."

"Ita da bakinta me ta ce mini? Kina wurin. Uwa, gari cike yake da gawarwakin juyin juya hali, ke kin kawo mini iskar taga. Wanda ya yi dokar an harbe shi. Me kuma kike so?"

"Shi ba ya gidan ranar Alhamis," in ji Saveta.

Sadakar arba'in ta faɗo farkon Janairu, cikin sanyin da ke fasa bututun ruwa. Bayan coci aka hau gidan Dinu cin abinci. Ɗakin ya cika: limamin coci, maƙwabta, matan masaƙa, abokan aikin Dinu. An jera dafaffiyar alkama da sukari ta mamaci, da kabeji, da barasar gida, duk a kan teburin kicin da aka jawo tsakiya aka lulluɓe da farin ƙyalle. Tagogin suna nan liƙe da jaridar Saveta. Yaran an kai su gidan maƙwabta.

Dinu ya miƙe da kofi a hannu, shi ma da ƙyallen tuta a dantse.

"Matata ba ciwo ne ya kashe ta ba," in ji shi. "Yanzu da muka sami 'yanci zan faɗa. Azzalumin nan ne ya kashe ta, da dokarsa. Mirela ma shahidar juyin juya hali ce."

Aglaia ta rushe da kuka. Mata suna ta gyaɗa kai, don kowacce tana da wadda dokar ta ci.

Saveta ta tashi. Ba ta iya jawabi ba, ba ta ma gwada ba. Ta je bakin ƙofa ta buɗe ta wangwam, ta tokare da kujera. Ta dawo wajen babbar taga ta sa farce ta yage jaridar, ta zazzage audugar, ta buɗe. Irin tagogin nan ne masu ninki biyu, da in ka ɗaga su sama suke fita daga ƙarfensu. Ta ɗaga ta ciki ta cire, ta ɗaga ta waje ta cire.

Iskar Janairu ta shigo ta taga ta nufi ƙofa. Kyandirori suka mutu, farin ƙyallen ya tashi. Ba ku ga gudu ba! Maza suka rarumi huluna, mata suka dafe kunnuwa, limamin coci ya cusa gemu cikin riga ya maƙale bayan kabad.

"Kuskra, kin haukace?" Aglaia ta yi ihu. "Za ki kashe mu!"

"Zauna, kuskra. Ba iska kuka ce ta kwantar da ita ba? Kwanan baya iska, yau doka, gobe sai ku ce ƙafafun kaji." Ta juya ga jama'a, ta buga teburin. "A kan wannan aka yi mata, wannan da kuke ci a kai. Dokar muguwa ce, Allah ya ƙone ta. Amma doka ba ta jefa makulli a rigar mama ba. Doka ba ta ce a jira Litinin saboda ɗaki uku ba. Waɗannan biyun ne. Ni kuma jakar da ta liƙe musu taga."

Wata daga matan masaƙa ta ajiye cokalinta, ta ture kwanon, ta tashi. Wata ta bi ta. Suka yi ta fita ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya yi wa Dinu sallama, yana tsaye da kofinsa iska tana kaɗa masa ƙyallen tuta.

"Mama," ya ce, "mayar da tagar, don Allah. Uwata tsohuwa ce, za ta kamu."

"In ta kamu akwai dankali a kicin, na bar muku sauran ruwan kal. Ka ba ta zuwa Litinin."

Ta rungumi tagogin biyu ta sauka da su, ta tsaya gidan maƙwabta ta ce wa jikokinta su sa riguna, za su ga agwagi. Ba wanda ya tare ta. Gilashi a lokacin ya fi nama wuyar samu. Har bazara an ce bargo ne rataye a tagar Dinu, kuma duk wanda ya wuce ƙasan benen sai ya ɗaga kai ya nuna wa na kusa da shi. Hukuncin da aka yi ke nan, ba wani. Ba kotu, ba kurkuku. Bargo.

Tagogin suna nan a ɗakin kajin Saveta. Washegarin ranar ta tashi da ciwon kunnen hagu, mai tsanani, har cikin haƙori. Ta san iskar taga ce, wannan ko likita ba zai gaya mata ba. Ga dankali buhu guda a bayan ƙofa. Ba ta yanka ko ɗaya ba.